Kujerar Izzuddeen

Maɓallin hannun rigar mai gwajin da jan zare aka ɗinke shi, sauran kuwa duk da baƙi. Shi Jannatu ta tsaya kallo yayin da matar take zagaya motar tana duba fitilu da tayoyi. Tun rasuwar mijinta Izzuddeen, irin waɗannan abubuwa kaɗai idonta yake kamawa.

Zuwanta na uku ke nan gwajin lasin tuƙi. A na baya duka mota ce take mace mata a tsakiyar titi, ta tayar, ta sake macewa, har mai gwaji ya ce ta gangara gefe. Job, malaminta a makarantar tuƙi, ya rasa gane kanta, domin a motar makaranta lafiya lau take tafiya. Amma ta kafe sai a motar mijinta za a gwada ta, tsohuwar Golf ɗin da ta faɗo a rabonta ita da 'yarta Bintu.

Yaya Babayo, wan marigayin, yana tsaye a inuwar dogonyaro da carbi a hannu. Kafin su baro Fadaman Mada da safe ya yi mata magana a hankali.

"Maman Bintu, mota in ta zauna lalacewa take yi. Kuma ba zan bari ki ɗauki yarinyar nan a mota babu lasin ba. In yau ma ba a dace ba, mu kai motar wurin dillalai, ki huta."

Ta ce to.

Izzuddeen dogo ne, irin wanda sai ya sunkuya a ƙofar ɗaki. Kujerar direba tana can baya inda ya bar ta ranar da ya ajiye motar ya ce kansa yana ciwo. Duk tsawon takaba Jannatu takan shiga ta zauna, ta jingina a lotsawar da bayansa ya yi, ba ta tunanin komai. Daga nan ƙafarta ba ta kai kuloci ƙasa, da yatsu take taɓa shi. Job ya sha ce mata ta jawo kujerar, masu gwajin baya ma sun faɗa. Takan kai hannu ƙasa ta dawo da shi, ta ce ta gyara. Su kuwa maza ne, babu mai kai hannu gaban ƙafafun matar mutane, sai su ƙyale ta.

Ta yau mace ce, an rubuta Paulina a ƙirjin rigarta. Ta shigo ta zauna, ta dubi Jannatu daga sama har ƙasa, ta kwashe da dariya.

"Hajiya, tuƙi za ki yi ko mangwaro za ki tsinko? Dubi yadda kike miƙa ƙafa."

"Haka na saba, madam."

"Kin saba faɗuwa dai. Ɗaga ƙafa, 'yar'uwa."

Kafin Jannatu ta buɗe baki, matar ta sunkuya ta ja ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar, ta dafa bayanta ta ingizo. Kujerar ta yi kukan tsatsa, ta zo gaba, ta tsaya ƙas. Paulina ta miƙa hannu ta karkato madubi ma. A da rufin mota kawai yake nuna wa Jannatu. Yanzu ga idanunta a ciki, busassu.

Ta jira ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Ba ta ji ba.

"Mu je," in ji Paulina.

Kuloci ya tafi har ƙasa. Suka bi ta GRA, suka zagaya shataletale, suka kutsa cunkoson kekuna a bakin Kasuwar Muda Lawal, suka dawo. Ta yi ribas tsakanin duro biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Motar ba ta mutu ba.

"Kin ci," in ji Paulina tana buɗe ƙofa. "Sai ki shiga ciki a ɗauki hotonki. Wai wa yake tuƙa motar nan da, falwaya?"

"Mijina ne."

"To ki ce masa ya sayi tasa."

Jannatu ta ce to.

Da matar ta tafi, ta kai hannu ƙasa ta ja ƙarfen, ta tura kujerar baya. Ƙas. Ta sake turawa. Ƙas. Matsayai ne da yawa, kowanne da irin ƙararsa ɗaya. Ta jingina a wannan, ta jingina a wancan, ta miƙa ƙafa tana gwadawa. Ba ta san a wanne ya bar ta ba.

Yaya Babayo ya juya baya, waya a kunne, yana ta alhamdulillahi, yana faɗa wa mutanen gida cewa an ci gwaji, mota ta zauna. Jannatu ta zare makulli ta ajiye a kan kujerar, ta tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. Ta gyara hijabinta, ta bi ta bayansa, ta fita ta ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa.