Lasifika Huɗu a Kan Mangwaron Kawuki

Tun ranar Talata da matar hukuma ta tsaya a gindin mangwaronsa ta ɗaga kai sama, Kawuki bai ƙara yin minti biyar a kan kujera ba. Ya zauna ya zabura, ya shiga ɗaki ya fito, ya ɗaga kai ya ƙirga lasifikokinsa kamar wani zai sace ɗaya da rana tsaka. Guda huɗu ne ɗaure a rassa, kowace ta fuskanci nata ɓangaren na garin Bukunda. Shekara goma sha tara ke nan da su yake sanar da mutuwa, da ɓatan saniya, da ranar rigakafi, da farashin kofi. Gidan rediyon garin ke nan gaba ɗaya: ɗaki guda, batirin mota, makirufo, da maƙogwaron Kawuki.

Kuma mutumin yana son muryarsa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Idan ya yi magana, muryar takan je ta bugi tudun da ke bayan coci ta dawo masa, shi ya sa yake ɗan tsayawa bayan kowace jimla. Mutane sun ɗauka natsuwa ce. Ina! Sauraron kansa yake yi.

Matar, Madam Kemigisa, daga Kampala ta zo, daga ofishin da ke lura da abin da ake watsawa jama'a. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

"Ranki ya daɗe, ni me na yi?" in ji Kawuki. "Gawa nake sanarwa. Gawa ce ta kai ƙarata?"

"Mai rai ne, Salongo," ta ce. Ta kira shi da sunan girman da ake kiran uban tagwaye. "Ba mu da sha'awar toshe bakin gari. Garin da aka toshe wa baki, jita-jita ke yi masa magana. Amma lasifikar da ta karya ƙafar mutum, dole mu zo mu dube ta. Zan dawo Juma'a da yamma. In mai ƙara ya janye, ka sa hannu a kan ƙa'idojinmu ka ci gaba da aikinka. In bai janye ba, da tsani zan zo."

Bai tambayi sunan mai ƙarar ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Lutaya ne, ɗan acaba a da. Shekara biyu da suka wuce, Bosa mai injin casar kofi ya faɗo ɗakin Kawuki yana haki, wai an kwashe masa buhu uku, kuma an ga buhu a bayan babur ɗin Lutaya. Wa ya gani? Kawuki bai tambaya ba. Bosa babban mutum ne, labarin kuma da zafinsa, sai kawai ya danna maɓalli ya gyara murya. Kafin rabin awa samari sun tare Lutaya a mararraba, suka cinna wa babur wuta, suka karya masa ƙafar dama wuri biyu. Bayan mako guda aka gano ɗan Bosa na cikinsa ne ya kai kofin garin Masaka ya sayar. Kowa ya ji wannan a Bukunda, amma daga baki zuwa kunne, ba daga kan mangwaro ba.

Akwai kuma abin da Kawuki bai taɓa faɗa wa kowa ba. A ranar, Wasswa, babba cikin tagwayensa, ya dawo gida rigarsa tana warin fetur, ya wuce bayan ɗaki ya wanke ta da kansa.

Yanzu Lutaya yana gyaran takalma a ƙarƙashin wata rumfa a bakin hanyar kasuwa. Shekara biyu Kawuki bai bi hanyar nan ba. Ta cikin gonar ayaba yake zagayawa, yana cewa likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Ranar Laraba tun da sassafe ya sayi littafin rubutu ya fita neman sa hannu. Ya je gidan shugaban ƙauye, ya je wajen fadan coci, ya je wajen limamin masallacin kasuwa. Ya tare mata a bakin famfo, ya tare masu jiran mota. Kowa ya sa hannu da murna, tsofaffi suka dangwala yatsa, don wa zai so ya mutu a Bukunda babu mai sanarwa? Wata tsohuwa har da riƙe masa hannu, ta ce ita sai ta ji daga bakinsa take yarda mutum ya mutu. Da rana ya cika shafi shida. Ya dawo gida, ya ga kamar ba su isa ba, ya sake fita.

Matarsa Nabukera, wadda yake kira Nalongo, wato uwar tagwaye, tana durƙushe tana fere ɗanyar ayaba lokacin da ya shigo karo na uku.

"Salongo, ka zauna ka ci abinci mana. Tun jiya kake zagaye gari kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

"Mutum ɗari uku, Nalongo! Ɗari uku suna bayana."

"To, madalla. Cikinsu akwai mai ƙafa ɗaya?"

"Ke dai bakinki..."

"Bakina a tsakar gida yake tsayawa, maigida. Naka ne ke hawa bishiya." Ta jefa ayaba cikin ganye. "Matar nan hannu ɗaya ta ce ka kawo, ka je ka kwaso mata na duk gari. Rumfar mutumin nan daga nan ana hango ta."

Ya yi tsaki ya fita. Ya hau tsani ya goge lasifikokin da ba su yi ƙura ba, ya sauko, ya duba ruwan batir, ya sake dubawa. Da lokacin sanarwar yamma ya yi, ya karanta mutuwar wata dattijuwa ya yi tuntuɓe a sunan ƙauyensu, abin da bai taɓa faruwa ba. Tsoro yake ji, tsoro ƙarara. In aka sauke ƙarafan nan, shi wane ne a Bukunda? Wani tsoho mai gonar kofi rabin eka.

Ranar Alhamis ya fito da nufin rumfar har sau biyu, ƙafarsa tana kai shi wani wuri. Sai da la'asar ta yi ya ɗaura nonon ayaba a keke, ya kama zakara, ya bi hanyar kasuwa. Lutaya yana zaune ya miƙe ƙafar da ta ƙi lanƙwasuwa, da allura a baki. Ya rame, ya yi furfura tun bai kai arba'in ba.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yawwa, Salongo. Yau likita ya hana bin gonar ayaba?"

Kawuki ya haɗiye wannan. Ya fara jawabin da ya shirya, na zaman tare da haƙuri da abin da ya wuce. Muryar da ke cika gari, a nan ko rumfar ba ta cika ba.

"Mayar da zakaranka," in ji Lutaya. "Ba ni da ƙafar bin sa in ya kuɓuce. Sau biyu na zo ƙofarka da sanda, na ce a sanar ba ni ba ne. Ka ce batir ya mutu. Da yamma kuma na ji batirin ya tashi yana neman ɓatacciyar tunkiya."

"Me kake so in yi?"

"Gobe, daidai lokacin da ka kira sunana ran nan, ka ba ni makirufo. A gaban matar. In na gama, in janye."

"Me... me za ka faɗa?"

Lutaya ya cire allurar daga baki ya dube shi. "Ran nan ka zo ka gaya mini abin da za ka faɗa?"

Kawuki ya tura kekensa ya koma, zakara yana ta kuka a baya. Tun daga nan tunani ɗaya ya kama shi ya ƙi saki. Mutumin nan sunaye zai kira. Zai ce wane da wane, zai ce Wasswa ɗan Salongo, ta lasifika huɗu, kuma Lutaya yana da 'yan'uwa a ƙauyen gaba, samari majiya ƙarfi. Kawuki ya fi kowa sanin abin da ke biyo bayan suna idan ya sauko daga bishiyar nan. Magana zarar bunu ce. Ya yi tunanin aika Wasswa Masaka, sai ya ga in ya yi haka ya tona asirin da kansa. Ya yi tunanin zubar da ruwan batir. Ya yi tunanin hawa ya sauke ƙarafan da hannunsa a huta, ya je har gindin tsani, ya dafa, ya kasa.

Rana ba ta ƙarya. Juma'a da yamma motar hukuma ta tsaya, da tsani ɗaure a samanta. Kawuki ya ja Madam Kemigisa gefe ya gaya mata sharaɗin, yana fatan ta ce doka ta hana.

"Haƙƙinsa ne," ta ce. "Inda aka ɓata mutum, nan ake ba shi ya amsa. Da tun farko ka yi haka, da ban sha ƙurar hanyarku ba. Amma ka ji da kyau, maɓalli naka ne. In ya fara kiran sunan mutane da zargi, kai za ka kashe. Ƙa'idarmu ta farko ke nan, kuma saboda irin abin da ya samu mutumin nan aka rubuta ta."

"In na kashe ai ba zai janye ba, ranki ya daɗe!"

"Wataƙila."

Kai, wannan mata! Ta faɗi haka ta ja kujera ta zauna abinta.

Lutaya ya shigo yana dogara sanda. Ɗakin ya yi musu kaɗan. Nabukera ta tsaya a bakin ƙofa da zani a kafaɗa. Ta taga ana hango kasuwar yamma ta cika, kuma can wajen masu gasa masara Kawuki ya hango Wasswa, ɗauke da 'yarsa a wuya. Ya miƙa makirufo, ya ɗora babban yatsansa a kan maɓalli.

Lutaya bai iya riƙon abin ba. Ya kai shi dab da baki, lasifika ta yi ƙara mai tsinka kunne, ya janye.

"Ni ne Lutaya," ya ce, "mai gyaran takalma. Wanda da yake acaba." Muryarsa siririya ce. "Mutum bakwai suka riƙe ni a mararraba. Na san su. Na san iyayensu. Akwai wanda na sha goya shi kyauta zuwa makaranta..."

Ya tsaya, ya juyo ya dubi Kawuki, sannan ya dubi yatsan. Kawuki ma ya dubi maɓallin. Dannawa ɗaya ce, ɗansa ya tsira, ƙarafansa su sauka. Bai danna ba, bai kuma ɗage ba. Ƙarfin yin ko ɗaya ba shi da shi.

"Ba zan faɗe su ba," in ji Lutaya. "Ni na san abin da bishiyar nan take yi wa suna. Abu ɗaya na zo faɗa. Ban saci kofin kowa ba. Ban taɓa sata ba."

Ya sauke makirufo ya karkata kunne wajen taga. Kasuwa tana ci yadda take ci. Wata mai kifi tana ciniki da ƙarfi, wani ya danna hon, yara suna bin ƙwallo. 'Yan kaɗan ne suka ɗaga kai, suka ji ba muryar da suka sani ba ce, suka koma harkarsu. Shekara biyu mutumin nan yana ɗauke da maganarsa, ya sauke ta, ba wanda ya tsaya karɓa.

"Ka gani?" ya ce a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. "Ko kaji ba su waiwayo ba. Ba ni suke ji ba, Salongo, kai suke ji. Da bakinka aka sa mini, da bakinka za a cire."

Ya miƙo masa makirufo.

Kawuki ya karɓa. Ya gyara murya yadda ya saba, kuma wannan gyaran muryar kaɗai ya isa. Mai kifi ta yi shiru, hon ya tsaya, kawuna suka juyo wajen mangwaro. Wasswa ya sauke 'yarsa ƙasa.

"Jama'ar Bukunda," ya fara, "shekarun baya an samu wani kuskure, an yi wani rashin fahimta..."

"An?" in ji Nabukera daga bakin ƙofa. "Wane ne An, maigida? Ɗan wane gida ne?"

Ya rufe ido. Ya tuna tsohuwar da ba ta yarda da mutuwa sai ta ji daga bakinsa, da shafi shida na yatsu. Wannan yardar ita ce dukiyarsa, ba ƙarafan ba, kuma ita ake nema ya ɗiba ya biya.

"Lutaya ba ɓarawo ba ne," ya ce. "Ni Kawuki na kira shi ɓarawo. Ban gani ba, ban tambaya ba. Da na ji gaskiya kuma na ɓoye muku ita shekara biyu. Ni na karya masa ƙafa."

Madam Kemigisa ta tura wa Lutaya takarda da biro, ta leƙa ta taga ta ce wa direba ya bar tsanin inda yake. Kawuki bai ji ta ba. Ya tsaya bayan jimlar yadda ya saba tsayawa shekara goma sha tara, tudun bayan coci kuwa ya dawo masa da ita kalma bayan kalma, da muryarsa. Ya tsaya ya saurara har ta ƙare.