Gishirin Mai Aski

Mai aski ya ajiye reza, ya bar direban da ke kan kujera da kumfa a rabin fuska, domin labari ya zo wurin da ke buƙatar hannu biyu.

"Ciwon maƙogwaro ne fa kawai, na warke har na manta. Sai na tashi wata safiya, fuskata ta kai faɗin madubin nan. Fitsari kamar baƙin shayi. Likitoci suka ce ciwon ne ya bar wa ƙodata tsaraba. Da gefe aka shigar da ni ƙofar asibiti."

"Bara ka ce da ƙafarka ka shiga," in ji direban.

"Bara sauri nake yi."

Ciwon dai gaskiya ne, ya yi shi yana saurayi. Sauran kuwa ƙarin gishiri ne, don shi mutum ne da idan ɓera ya ratsa shagonsa da safe, kafin yamma ya zama akuya. Abin da bai taɓa sakawa a labarin ba shi ne gargaɗin da aka sallame shi da shi: ya riƙa zuwa duk shekara ana auna masa jini da fitsari, domin ƙodar da ta taɓa kumbura tana iya yin shiru ta daɗe, sannan ta tayar da tsohon zance. Ya je na 'yan shekaru, daga nan ya sallami kansa.

Matarsa ta shigo da kwanon abincin rana. Ba ta kalli fuskarsa ba, ƙasa ta kalla. Ya take bayan takalminsa, don ƙafar ta ƙi shiga.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Ɗan kumburi ne. Tsayuwa ce."

Tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya kira wani abu ɗan ƙarami ba. Ta jira ya gama da direban, ta sa wa shago kwaɗo da hannunta, ta tasa shi gaba.

Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin hira. Ta auna jininsa, ta danna masa yatsa a ƙauri, gurbin ya ƙi cikewa.

"Fitsari yana kumfa?"

"Kaɗan."

"Ciwon kai fa?"

"Ɗan kaɗan. Ina sayen maganin ciwon jiki a kemis."

Likita ta juya ga matar. "Yana ƙara gishiri?"

"A abinci ko a zance?"

"A abinci."

"Duka biyun. Amma Likita, ki yi hankali da shi. Kullum idan ya yi magana sai na zubar da rabi kafin na ɗauka. Ta yau kuwa ninka ta za ki yi."

Aka ɗebi jini da fitsari, aka ce su jira. Bencin jiran yana kallon ɗakin wankin ƙoda. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar sai ya hango mutane kwance, injuna na juya jininsu. Ya tuna sana'arsa ta tsayuwa ce, kuma ita ke riƙe da gidan. Mutumin da ko a layin banki sai ya tara jama'a, yau ya rasa bakin magana, har matar ta fara kewar ƙaryarsa.

Da aka kira su, likita ba ta yi kwana-kwana ba. "Jininka ya hau, ƙodar kuma ta fara yoyo. Amma ba ta kai ga inji ba, kuma idan ka ji magana da wuya ta kai. Ga magani kullum. Na kemis ka rabu da shi, gishiri a rage, awo kuma babu fashi."

A waje ya zauna a kan dakali da kwalin magani. Hannun nan da ke bin maƙogwaron mutane da reza ba ya rawa, yau ya kasa ɓare ƙwaya ɗaya. Ta karɓa ta ɓare masa, ta miƙa masa ruwa. Ya haɗiye, ya dubi ƙafarsa.

"Maman yara," ya ce, "na tsorata."

Ta tsaya tana jiran sauran. Babu saura. Sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta kau da kai tana gyara mayafi.

"Haba, Baban yara," ta ce. "Gishirin abinci aka hana ka, ba na zance ba. Ka ɗan barbaɗa wa wannan, haka ba ya ciyuwa."