Maratayin Furen Joyelle

An ɗora wa Joyelle Kubena kambin sarauniyar makarantar sakandaren Vesely, a jihar Texas, ranar Juma'a da ƙarfe takwas da kwata na dare, tana sanye da takalmin roba mai kashin shanu. Furen bikin da ya kamata ya rataya a wuyanta yana rungume a hannun mahaifinta.

Sa'o'i biyu kafin nan, ta biya rumfar dabbobin makaranta don ta zuba wa karsanarta ciyawa. Ita ce shugabar Ƙungiyar Matasan Manoma, kuma karsanar, Kolache, aikinta ce na shekara biyu. Ta riga ta yi kwalliyar bikin dawowar tsofaffin ɗalibai: doguwar farar riga, da ƙaton furen ado na ratayawa da mahaifiyarta ta yi mako uku tana haɗawa, mai kintinkiri har gwiwa da ƙararrawa goma sha huɗu. Don nauyinsa, sai da aka ɗinka masa maratayi mai kauri irin na ɗaure kaya.

Ta tarar da Kolache a kwance tana nishi. Ƙafa ɗaya ta maraƙi ta leƙo, ɗayar babu. Saura kwana goma ake sa ran haihuwar.

Ta kira likitar dabbobi. Likitar tana wata gona mai nisan mil arba'in. Ta kira Malam Vrana, mai kula da ƙungiyar, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Yana bakin filin da ake wasan ƙwallon bikin yana gasa wa tsofaffin ɗalibai nama, ga sarƙar jan maraƙi a kulle cikin motarsa.

Dokar bikin kowa ya san ta. 'Yan takarar sarautar biyar ne har da Joyelle, kowace za ta fito tsakiyar fili a hutun rabin lokaci riƙe da hannun mahaifinta. Wadda aka kira sunanta ba ta wurin, kambi ya wuce kan mai bi mata.

Ƙarfe bakwai da rabi mahaifinta, Dwight Kubena, ya shigo rumfar cikin kwat ɗin da bai sa ba tun bikin ƙanwarsa.

"Ke, uwarki ta kusa cinye ni ɗanye. Me kike yi a nan?"

"Baba, cire kwat ɗin nan ka riƙe mini wutsiya."

Ya dubi karsanar, ya dubi agogo. "Ki bar min ita, ki tafi."

"Da wannan hannun naka kamar shebur? Ba zai shiga ba."

"Shebur ɗin ne ya ciyar da ke."

"To ya riƙe wutsiya."

Ya cire kwat. Ta ɗaure rigar a ƙugu, ta wanke hannu, ta zura shi cikin karsanar har kafaɗa. Ɗaya ƙafar maraƙin ta lanƙwashe ta baya. Ta tura maraƙin ciki kaɗan, ta kare kofaton da tafin hannu kamar yadda aka koya musu, ta miƙo ƙafar a hankali. Daga fili ana jin ganguna da ihun mutane. Ƙafa biyu suka fito, amma santsi ya hana a riƙe su.

"Igiya," in ji ta.

Babu sai ta ɗaurin ciyawa, siririya, mai yanka fata. Joyelle ta juya ta dubi furen da ta rataye a ƙusa.

"Kai! Ban gani ba, ban ji ba," in ji Dwight. "Ni zan kwana gida ɗaya da matar nan."

Ta sa wuƙa ta yanke maratayin, ta zarge shi a ƙafafun. Suka jira Kolache ta yunƙura, suka ja tare. A ja na huɗu maraƙin ya sulɓo kan ciyawa, bai motsa ba. Ta share masa hanci, ta soka masa tsinke a hancin. Ya yi atishawa.

Ƙarfe takwas da minti takwas.

Ba ta tsaya neman takalmin kwalliya ba. Sun iso bakin fili ana kiran 'yar takara ta huɗu. Mahaifiyarta, Verna, tana tsaye a ƙofar shiga. Ta ga rigar ta ɓaci, ta ga furen babu maratayi, ta gane karsanar ta haihu, sai ta dubi Joyelle.

"Mace ko namiji?"

"Mace, Mama."

"To miƙe kafaɗarki. Kai kuma ɗaga furen nan sama, mutane su gan shi. Mako uku na yi."

Da aka kira sunan Joyelle a matsayin sarauniya, 'yan ƙungiyar da ke saman benci suka tashi cikin rigunansu iri ɗaya suna kukan shanu. Shugaban makaranta ya ɗora mata kambin yana kawar da hanci. Malam Vrana ya rugo da cokalin gashi a hannu, ya ji labari, ya ce shekara ashirin da shida yana koyar da wannan aikin, bai taɓa ganin ɗalibin da ya yi shi babu malami a kusa ba.

Joyelle ba ta tsaya hoto ba. An koma wasa tana hanyar rumfa, kambin a aljihun kwat ɗin mahaifinta. Likitar ta aiko saƙo cewa lallai maraƙar ta sha dakashi, nonon farko na uwarta, cikin sa'o'i biyu. Da ta isa, minti arba'in sun wuce da haihuwar, maraƙar ba ta miƙe ba tukuna.