Gaisuwar Mutuwar Raudatu

Malam Tanimu bai taɓa zama gaban akwatin tele ba. Yana da garkar rake da dabino a bakin tafkin Gidimuni, kuma a ganinsa mai garka ba shi da lokacin kallon ƙarya. Ya san 'yarsa Raudatu, wadda ke zaune wurin ƙanwarsa a Kara-Kara cikin Damagaram, ta shiga cikin masu wasan kwaikwayo. An gaya masa wani littafin soyayya ne aka mai da fim, labarin wani tsohon gida a Birni da yarinyar da ta so maigidan. Ya ce to. Bai ƙara tambaya ba.

Ranar Laraba da hantsi yana ban ruwa, sai ga maƙwabcinsa Modu. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Malam, ya haƙuri?"

"Haƙurin me?"

"Raudatu. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta."

"Kai Modu, tsufa ya fara taɓa ka ne? Wasa suke yi."

"Ni ma haka na ce. Amma matata Fanta ta gani da idonta a shagon Fahad. An sa ta cikin makara, an kai ta. Wa zai yarda a naɗe shi da likkafani yana numfashi?"

Malam Tanimu ya yar da guga ya nufi gida. Ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, mata sun cika tsakar gida, wasu na dakan gumbar sadaka. Matarsa Kande na zaune a ƙasa, ido ya kumbura.

"Ku naɗe tabarmin nan," ya ce. "Ba wanda ya mutu."

Ya ciro waya ya kira Raudatu. Ba ta shiga ba. Ya sake, har sau biyar. Ƙanwarsa kuwa ba ta riƙe waya.

"Rezo ne, layin waya ne ba kyau," ya ce.

Ba a naɗe tabarmin ba.

Bayan azahar aka ce za a maimaita fim ɗin. Ya tafi shagon Fahad ya tsaya can baya, hannuwa a goye, don kada a ce Tanimu ya zo kallo. Sai ga tsohon gidan: soraye masu duhu, bango ya tsage, rijiya a tsakiya. Aka fito da yarinyar daga rijiyar. Aka nuna fuskarta kafin a rufe.

Shekara talatin Malam Tanimu yana wankan gawar mazan garin nan. Ya dubi audugar da ke hancinta. Ya dubi ƙyallen da aka ɗaure mata haɓa da shi, ya dubi ƙullin likkafani a kai da ƙafa. Babu kuskure ko ɗaya. Wanda ya yi aikin nan ya san aikinsa.

Can kuma sai ga ta tsaye a bakin zaure cikin farin zane, tana kiran maigidan. Muryar Raudatu ce sak, muryar da take kiran uwarta da ita in ta dawo daga rijiya. Mata suka rufe fuska da gyale. Wani saurayi da ke ta dariya ya yi tsit. Wata tsohuwa, Salamatu, ta ce a kashe akwatin nan tun ba ta fito ba.

Fahad mai shago ya waiwayo. "Baba, fim ne fa. Tun bara aka ɗauke shi."

"Na tambaye ka?"

Ya fita. A hanya sau biyu yana dafa bango.

Washegari masu gaisuwa suka ƙaru, har daga ƙauyukan bayan tafki. Liman ya aiko yana tambaya ko a shirya addu'ar uku. Malam Tanimu ya ce a dakata. Amma da wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce ya haƙuri, sai ya ji bakinsa ya amsa, "Da godiya." Ya karɓi gaisuwar mutuwar 'yarsa da bakinsa, a gaban mutane. Sanyi ya kama shi da tsakar rana.

Da la'asar motar Damagaram ta sauke fasinja a bakin kasuwa. Ba da jimawa ba aka yi sallama a zaure. Raudatu ta shigo da jaka a hannu, sanye da farin hijabi har ƙasa.

Turmi ya kife. Mata suka watse, wasu ta kan danga, wata ta bar takalmi, goyo na kuka a bayanta. Kande ta faɗa ɗaki ta sa sakata. Modu ya maƙale a bango yana ta a'uziyya.

Raudatu ta dubi tabarmi, ta dubi gumbar da ta zube.

"Baba, wa ya rasu? Wayata ta faɗa cikin ruwa, ban ji komai ba. Baba?"

Daga bayan rumbu Salamatu ta ɗaga murya. "Kada ka amsa mata, Tanimu! Wanda ya amsa kiran matacce, shi ke bi."

Malam Tanimu na tsaye. Ya dubi hancinta, ba auduga. Amma haka ta tsaya a bakin wancan zauren, haka ta karkata kai. Ya san idon gari na kansa ta kowace kafar danga. In ya ja da baya ko taku ɗaya, yarinyar nan ba za ta ƙara cin tuwo a kwano ɗaya da kowa ba a Gidimuni. Har uwarta.

"Ajiye jakar," ya ce. "Ɗebo mini ruwa."

Ta je randa ta ɗebo a moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya yi bismilla. Bai karɓi moɗar kaɗai ba, ya haɗa da yatsunta ya riƙe. Akwai zufa a jikinsu, akwai ƙurar hanya. Ya shanye ruwan tas, ya kifa moɗar don kowa ya gani.

Sannan ya juya wajen ɗaki.

"Kande, buɗe ƙofa. 'Yarki ta sha hanya."

Can sakata ta motsa, ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu.

"Malam," in ji Kande daga cikin duhu, "hannun nata da ɗumi?"

"Fito ki taɓa da kanki."