Hannun Rigar Likita

Likitar tana jera takardunta karo na uku sai shugabar sashe ta shigo, ta ja kujera ta zauna a gefe. Wata shida ke nan tana aikin gwaji a sashen masu fama da damuwa, yau kuma za a san ko za a tabbatar da ita ko ta tattara nata-ya-nata. Ƙa'ida ce shugaba ta ji ta bakin majinyaci ɗaya. Duk cikinsu shugabar ta rasa wanda za ta zaɓa sai wani dattijon tela.

Tun da shagonsa ya ƙone hannunsa ke rawa, ya shekara bai taɓa allura ba. Zama goma sha biyu suka yi da likitar. Ta koya masa jan numfashi, ta sa shi rubuta abin da ke damunsa, duk yana cikin fayil. Abu ɗaya ne ta ƙi rubutawa: ranar da ƙusar ƙofa ta yage mata hannun farar rigarta, ga taro yana jiranta, ta cire ta miƙa masa da allura da zare daga jakarta. Sa majinyaci aiki babban laifi ne, shugabar kuwa ko murmushi sai ta auna take yi.

Telan ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Baba, me ya fi yi maka amfani a nan?" shugabar ta tambaya.

Likitar ta ɗan tura littafin rubutun gabansa. Ko kallonsa bai yi ba.

"Ranki ya daɗe, numfashin nan dai ina ja don kada ranta ya ɓaci. Amma ranar da ta ba ni rigarta..."

"Rigarta?"

"Ɗinki. A gida ko shayi ba sa bari in zuba, sai ka ce ƙwai. Ita kuwa ko hannuna ba ta duba ba, ta ce, 'Baba, yi sauri.' Ni kuwa na yi saurin."

Likitar ta ji kunya da tsoro sun haɗe mata. Shugabar ta miƙo hannu, ta juya hannun rigar likitar, ta daɗe tana neman inda aka ɗinke. Ba ta gani ba.

Ta koma kan takardarta, biro a tsaye.

"Ranki ya daɗe," in ji telan, "maɓallinki na biyu ya kusa faɗuwa."

Shugabar ta dubi maɓallin, ta dubi likitar.

"Har yanzu allurar tana jakarki?"