Zaren da Ya Toshe Kwalbati

Gidan Tela shi ne na ƙarshe a layin, can gangare, daidai inda lambatun gefen titi yake shigewa cikin kwalbati. Duk abin da gidaje ashirin da biyu na sama suka yar, a ƙofarta yake zuwa ya huta. Shagon ɗinkinta yana gaba, ɗakin mahaifiyarta Inna yana manne da shi, kuma shi ne ya fi kowane ɗaki kwari a gidan.

Bara, a ruwan farko, kwalbatin ya toshe, ruwa ya juyo ya shiga ɗakin Inna har ya taɓa katifa. Inna ba ta tafiya tun da ɓarin jikinta ya shanye, sai goya ta Tela ta yi zuwa falo. Da labari ya kai wa Yaya, babban wan Tela, bai yi faɗa ba. Shi ba mai faɗa ba ne, shi ya sa ma ake tsoron maganarsa. Cewa kawai ya yi idan ruwa ya sake shiga ɗakin nan, zai zo ya ɗauki Inna ta koma wurinsa. Wurin nasa kuwa bene ne hawa uku, tafiyar yini guda, taga tana kallon bangon wani benen.

Sai da ya tafi Inna ta kama hannun Tela ta ce, "Kada ki bari a kai ni inda ba mai leƙo ni." A tagarta ta nan, kowa ya zo wucewa sai ya gaishe ta, ita kuma ta tsare shi da tambayar abin da bai shafe ta ba.

Kowace bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, ana yin aikin kwashe sharar layin. Ana yi ɗin nan, mutum huɗu ake nufi: Tela, Baba Direba da ya ajiye tuƙi, mai wanki, sai wata malamar asibiti idan tana hutu. Su fito da sassafe, su gama kafin a buɗe ƙofofi, sauran jama'a su tashi su ga titi fes su sa wa hukuma albarka. Amma mutum huɗu ba sa iya ɗaga murafun simintin da aka rufe lambatun da su. Saman kawai suke sharewa, cutar tana can ƙasa.

Bana Tela ta sha alwashin sai an ɗaga murafun. Ta rufe shago kwana biyu tana bi gida-gida, tana roƙon kowane gida su fito da iyalinsu ranar Asabar. Mai shago ya dafa ƙugu ya ce Allah ya ba da lada, shi bayansa ne ba ya so. Matar mai gareji, wadda ta haifi 'yan biyu, ta ce su gidansu ko ƙwayar leda ba sa yarwa. Haka ta yi ta ji har ƙarshen layi. Kowa tsaftatacce ne, sai dai a ce daga sama sharar take faɗowa.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce wa Baba Direba bana ba aikin asuba, sai hantsi ya dubi kowa a bakin ƙofarsa. Duk abin da suka ciro a tsakiyar titi za su zube shi, kowa ya ga nasa da idonsa. Ai ta san sharar kowa kamar yadda ta san awon ƙugun kowa: galan-galan na mai daga gareji, ledojin shago, ƙunzugun 'yan biyu. Ta kuma tabbatar maganar ta zaga layin. Baba Direba ya ce ta bi a hankali, maƙwabta ne. Ta ce hankalin ne ya kai ruwa kan katifar Inna.

Ranar Asabar ƙofofi suka cika da 'yan kallo, ba wanda ya riƙo ko tsintsiya. Su huɗun suka sa dogon ƙarfe, da ƙyar da nishi suka ture murfi guda, na bakin kwalbatin. Wari ya taso. Baba Direba ya zura manjagara ya ja, abin ya ƙi zuwa. Mai wanki ya kama masa, suka ja tare, sai ga wani abu yana fitowa, dogo, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Zare ne. Zare ne da ƙananan ƙyallaye, sun sarƙe sun zama raga, ragar ta tare duk wata leda da roba da ta biyo ruwa.

Tela ta gane shi nan take. Kullum da yamma idan ta share shago, manyan ƙyallaye takan zuba su a buhu, amma guntayen zare da 'yan burbushin yadi sai ta tura su waje da tsintsiya su faɗa lambatu. Me ke cikin zare? Shekara goma sha ɗaya tana haka, ita da ta fi kowa sanin cewa zaren roba ba ya ruɓewa, har yabonsa take yi wa masu kawo ɗinki.

Mai wanki mutum ne mai kara. Ya matso da buhu ya buɗe bakinsa, ya tsaya ya kare ta daga idon mutane. Da ta so, cikin minti ɗaya an cusa abin an ɗaure. Kunya ta kama ta har wuya, kuma ta so ɗin. Sai ta dubi sauran murafu takwas da ke jere har saman layi, waɗanda su huɗu ba za su iya ba ko za su kwana a nan.

Tana cikin haka muryar Inna ta fito daga taga: "Wancan shuɗin ba yadin matar mai gareji ba ne?"

Tela ta ture buhun. Ta kama bakin ragar da hannu biyu ta ja ta tsakiyar titi, ta baje ta a rana. Ta ɗaga murya yadda har gidan farko za a ji.

"Jama'a, wannan nawa ne. Ni na saƙa ragar da ta kai ruwa ɗakin uwata. Na ga nawa, zan kwashe. Ku zo ku ga abin da ta kamo."

Mata ne suka fara matsowa, don ba matar da za a ce ga yadinta a titi ta ƙi zuwa dubawa. Wannan ta gane na rigar mijinta, waccan ta gane na kayan makarantar 'ya'yanta. Aka fara dariya, ana tsokanar Tela cewa ashe nan take adana ragowar yadin mutane. Ta bar su suka yi son ransu. Matar mai gareji ta sunkuya kan shuɗin nata, sai ta ga abin da ke naɗe a jikinsa: ƙunzugu, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Ta miƙe. Ta juya gida, ba a jima ba ta dawo da mijinta da ƙannensa biyu da baro.

Daga nan abin ya zama na rige-rige. Ba gidan da yake so a ɗaga murfin lambatun ƙofarsa ba ya wurin, gara ya ciro nasa da hannunsa kafin maƙwabci ya ciro masa. Maza suka ɗaga murafu, mata da 'ya'yansu suka yi ta cika buhuna. Mai shago ya manta da bayansa, har shi ne mai ba da umarnin a ɗaga tare. Kafin la'asar an ga ƙasan lambatun, abin da Baba Direba ya rantse bai taɓa gani ba tun da ya tare a layin.

Bayan kwana tara ruwan farko ya sauko, da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Tela ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna, zani ɗaure a ƙugu, a shirye ta goya ta idan ta kama. Ruwa ya gangaro ja wur, ya iso bakin kwalbati, ya shige ya wuce abinsa. Ta daɗe tana kallo kafin ta yarda. Can sai ga matar mai gareji da lema ta zo duba bakin kwalbatin, ta cire wata leda da sanda, sannan ta leƙa tagar Inna.

A lokacin wayar Tela ta yi ƙara. Yaya ne, ya ji an ce ana ruwa a wajensu. Ta kanga wa Inna wayar a kunne.

"Ina kan gadona, ƙafata a bushe," in ji Inna. "Ka kira an jima, yanzu ina da baƙuwa a taga."

Tela ta koma shago ta share idonta da bakin mayafi. Da yamma ta ɗauki tsintsiya ta fara daga bakin ƙofa, tana sharowa ciki.