Baƙin Ƙarƙashin Tebur

Shekarar da Auta ta fara bincikenta, teburin cin abincinmu ya tashi daga aikinsa. Auta ita ce ƙaramar 'yarmu. Ta karanci aikin ƙwaƙwalwa a jami'a, aka ba ta damar aiki da wani ƙaton inji a asibitin koyarwa, wanda ake tura mutum ciki a kwance, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa tana tsakiyar aiki. Ni dai iyakata ɗinki da surutu, amma yarinyar nan ta zaunar da ni, tana taya ni yankan albasa, har sai da na gane. Ta ce duk ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kama aiki, jini yakan ƙara kwarara can, wannan ne injin yake gani.

"To ai da sauƙi," na ce. "A tura tsoho ciki, a nuna masa hoton ɗansa, a ga inda ya haska."

"Ina, Mama! Ƙwaƙwalwa ba ta zama haka kawai. Ko ba a nuna masa komai ba, yana can yana tunanin takalminsa da ya bari a waje. Dole a nuna masa fuska iri biyu, ta 'yan gidansa da ta baƙi, sannan a cire wannan daga wancan. Abin da ya rage, shi ne sanayya."

Ta sha wahalar baƙin nan, ba kaɗan ba. In akwai tsohuwa a cikin 'yan gida, sai ta nemo tsohuwa baƙuwa. In wani yana murmushi, baƙonsa ma sai ya yi murmushi. Ta cire launi daga hotunan duka, ta daidaita haskensu, ta cakuɗa jerinsu don kada mutum ya san wanda zai fito gaba. Wai kada su bambanta da komai sai abu guda, wannan an san shi, wannan ba a san shi ba.

Tana so ta ga ko tazarar nan tana raguwa a kan tsofaffin da mantuwa ta fara kamawa. Duk gidan mun san dalilin da ya sa ta zaɓi wannan, ko da yake babu wanda ya furta. Wan babanta mantuwa ta kama shi, har ya rasu ba ya gane 'ya'yansa. Matarsa za ta shigo da ruwa, sai ya gyara zama ya ce sannu da zuwa, wa kike nema? A shekarar nan kuma maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya fara 'yan ƙananan abubuwa. Ya ajiye mabuɗin shagon askinsa a firji. Ya kira Auta da sunan yayarta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya manta abin da ya zo ɗauka. Shi yakan yi dariya, mu ma mu yi, tamu har ta fi tasa ƙarfi.

Kafin a kawo mutanen da za a yi binciken a kansu, ana bukatar mutum guda na gwaji, don a ga ko tsarin yana aiki. Tun Auta ba ta rufe baki ba babanta ya ce shi ne.

"Tun kafin a haife ki nake riƙe kawunan mutane. Yau a riƙe nawa."

Matsalar ita ce ba ya son matsattsen wuri, kuma a cikin injin ba a motsa kai ko kaɗan, ba a magana. Ku dubi Allah, mai aski a ce kada ya yi magana! Shi ya sa Auta ta ce sai an saba masa a gida. Muka shimfiɗa bargo a ƙarƙashin teburin, muka saki zanin gado ta kowane gefe, ta tokare masa kai da filo biyu, ta ɗaura madubina a saman fuskarsa yadda zai riƙa hango kwamfutarta. Ni kuma aka ba ni aikin inji. Ina zaune a kujera da murfin tukunya da ludayi, ina bugawa ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabciyarmu ta leƙo sau ɗaya, ta ga ƙafafun mutum sun fito daga ƙarƙashin tebur, ta juya ta koma gidanta.

Kullum da la'asar in ya dawo daga shago sai an yi. Yakan daure ya yi shiru har hotunan su ƙare, daga nan sai bakin ya ɓalle.

"Auta, wannan mai sanƙon, wa ya yi masa aski? An cinye masa gefen hagu."

"Baba, ban san shi ba. Baƙo ne."

"To ki gaya masa ya zo shago. Ita kuma waccan mai ɗaure fuskar, ai matarsa ce. Askin ne ya ɓata mata rai."

Kafin wata ya ƙare kowa ya samu suna. Akwai Mai Sanƙo, akwai Gwaggo Fushi, akwai wani saurayi mai sheƙin gashi da ya sa wa Ango. Ya haɗa su aure, ya raba musu sana'a, ya san wanda ba ya ga maciji da wane. Auta tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Baba, kanka! Kada ka motsa kanka!" Har yau in na tuna gidan nan, wannan la'asar ɗin nake fara gani, rana ta shigo ta taga ta sauka a kan zanin gadon, muryarsa tana fitowa daga ƙasa.

Ranar shiga injin, mai kula da shi, wani dogon mutum mai sanyin magana, ya sa aka cire duk wani ƙarfe. Bel, agogo, mabuɗai, har da ɗan almakashin da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ni na zauna a bayan gilashi, ɗakin sanyi kamar me. Ba na ganin komai nasa sai tafin ƙafa cikin safar da na ɗinke wa dunduniya. Da injin ya fara ƙara, na san murfin tukunyata wasa ne. Amma ko yatsa bai motsa ba.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta dawo da rana tsaka, ta zauna a gefen keken ɗinkina, ba ta ko cire takalmi ba.

"Na cire wannan daga wancan, Mama. Kusan babu abin da ya rage."

"Ma'ana?"

"Yadda ƙwaƙwalwarsa ta karɓe mu, haka ta karɓi baƙin."

Ta yi saurin cewa hoton mutum guda ba ya nuna cuta, Farfesa ma, malamar da ke duba aikinta, ta ja mata kunne a kan haka. Na ce to. Na kama hannunta.

Ba mu gaya masa ba. Sai dai na koma bin sa da ido. In ɗauko tsohon hoto in ce, Malam, wane ne wannan na gefe? In tambaye shi me muka ci jiya. Ran nan ya ajiye kofin shayi ya ce, "Wai ke jarrabawa kika buɗe ne a gidan nan?"

Ana haka, wata rana muna cin abincin rana, teburin ya koma aikinsa, sai ya ce, "Auta, ban yi miki godiya ba. Da aka tura ni cikin ramin nan, wallahi gabana ya faɗi. Sai ga Mai Sanƙo ya fito. Na ce yauwa, ga namu. Gwaggo Fushi ma da na gan ta sai da na ji sanyi a raina."

Auta ta ajiye cokali. Ta dube shi, ta dube ni, ta dafe kai da hannu biyu.

"Hotunan da muka yi ta gwaji da su a nan, su na saka a injin. Mama, babu baƙo ko ɗaya a ciki!"

Nan take ta kira Farfesa. Daga inda nake ina jin dariyar matar a waya. Ta ce, "Kin kai baƙi gida, kin ba su masauki wata guda, kina mamakin sun zama dangi? Ni ma da laifina, ban tambaye ki da me kuke gwajin ba." Ta ce a nemo sababbin fuskoki a sake, kuma daga yau hotunan sabawa daban, na cikin inji daban, ga kowa da kowa.

Na so in saki raina, amma Auta ta ce tukuna. An gano kuskure, ba a ga amsa ba. Injin kuma layi ake bi, sai da muka jira makonni. Sababbin baƙin ta kulle su a ofis. Ya yi roƙon duniya ta nuna masa ko guda, ya ga askinsa kawai, ta ce ko ƙeyarsa ba zai gani ba.

Bayan an sake, ta kira mu ofishinta, wani ɗan ɗaki marar taga mai warin takarda. A fuskar kwamfuta ga hoton ƙwaƙwalwa toka-toka, da ɗigo-ɗigon ja da rawaya a wurare. Farfesa tana tsaye a bakin ƙofa tana maimaita cewa wannan ba gwajin likita ba ne, tsarin dai ya yi aiki. Auta ba ta ma ji ta ba.

"Baba, ka gani? Wannan ne ya rage. Ka san mu."

"Sai da inji ya gaya miki?"

Ya dube ta, ya juyo ya dube ni. Murmushin ya sauka daga fuskarsa.

"Ashe jarrabawar ke nan." Ya shafa gemu. "Ku kuna zaton don me na ce a fara da ni?"

Ba mu hau mota ba ranar, ya ce a ƙafa za mu koma. Ya riƙe mini gwiwar hannu muka tsallaka titi. Tun daga bakin asibiti yake gaya mini mai kowane shago, da ubansa, da abin da ake sayarwa a wurin kafin a rushe a sake gini. Wasu na sani, wasu ina jin ƙari ya yi. Ban katse shi ba har gida.